Zinare a Dubai, Dalma a Tsakar Gida: Nazarin Lamarin Wani Gari a Ƙasar Anka, 2010 zuwa 2022

Lamarin da ake nazari

Wannan nazari ya bi diddigin abin da ya sami wani gari a ƙaramar hukumar Anka ta jihar Zamfara, tun daga lokacin da gubar dalma ta fara kashe yara a yankin har zuwa lokacin da aka miƙa wa gwamnatin jiha ragamar kula da waɗanda suka rayu. Garin shi ne na takwas kuma mafi girma cikin garuruwan da aka kwashe wa gurɓatacciyar ƙasa, amma shi ne ya fi daɗewa yana jira, domin an gama da bakwai na farko tsakanin 2010 da 2011, shi kuwa sai a 2013 aikin ya iso gare shi. An sakaya sunansa bisa al'adar irin wannan nazari.

A ajinmu na kimiyyar siyasa, duk lokacin da aka zo batun arzikin ƙasa, misalin da ake kawo wa ɗalibai shi ne man fetur na yankin Neja Delta, inda gwamnati da manyan kamfanoni ke raba riba, mazauna wurin kuma su kwashi gurɓata. Lamarin wannan gari ya sha bamban da wancan, domin babu babban kamfanin da za a nuna da yatsa, kuma babu wani kuɗin kirki da ke shiga asusun gwamnati daga zinaren. Mutanen garin da kansu suke haƙa, da kansu suke niƙa, 'ya'yansu ne kuma suka mutu.

Kafin 2010: noma, farashi da doka

Mazauna garin manoma ne da makiyaya, suna shuka gero da dawa da wake, idan rani ya yi kuma matasa su tafi ci-rani. An san akwai zinare a ƙasar Zamfara tun zamanin mulkin mallaka, sai dai ba shi ne abin dogaron mutane ba, saboda wahalarsa ta fi ribarsa. Abin da ya sauya lissafin daga waje ya zo. A 2006 ana sayar da oza ɗaya ta zinare kimanin dala 600 a kasuwar duniya, a Maris na 2008 ta taɓa dala 1,000 a karon farko, bayan durƙushewar bankunan Amurka da Turai kuma masu dukiya suka riƙa juya kuɗinsu zuwa zinare, har farashin ya haura dala 1,200 a 2010, ya kuma kai kusan 1,900 a Satumbar 2011. Dillalai suka yawaita a ƙauyuka, zinaren kuma yana bin hannu zuwa hannu har ya fita ƙasar, mafi yawansa ba tare da takarda ba, kuma kasuwar da ta fi jawo zinaren Afirka ita ce ta Dubai.

A takarda, duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, kamar yadda sashe na 44(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada, kuma dokar ma'adinai ta 2007 ta buɗe wa ƙananan masu haƙa hanyar kafa ƙungiyoyin gama-kai su yi rajista. A aikace, mai iko da ma'adinin yana Abuja, gwamnatin jiha da ke kusa ba ta da hurumin ba da lasisi, masu haƙar kuma ba su san da zaman dokar ba.

Yadda ake aikin shi ne tushen masifar. Maza kan haƙo duwatsu daga ramuka a daji, a loda su cikin buhuna a kawo gari, a farfasa da guduma, sannan a zuba a irin injin da ake niƙan hatsi da shi, a niƙe su a bushe har su koma gari. Daga nan a wanke, a sa zaiba ta kama zinaren, a ƙona ta ta tashi, a shanya ragowar dusar domin a sake bi. Mata da ke kulle suna samun nasu rabon ta hanyar daka duwatsun a turmi a tsakar gida, sau da yawa turmin da ake dakan abinci. Jijiyar dutsen da aka faɗa wa a waɗannan shekaru tana ɗauke da dalma mai yawan gaske, kuma binciken masana duwatsu na Amurka ya nuna daga baya cewa irin dalmar da ke narkewa cikin sauƙi ce idan ta shiga cikin yaro. Wannan gari, saboda girmansa da kasuwarsa, ya zama babbar cibiyar niƙa a yankin, da fili guda cike da injina a gefen gidaje, kusa da tafkin da mutane da dabbobi ke amfani da shi.

Maris zuwa Yuni 2010: gano cutar

Agwagi ne suka fara mutuwa, ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Sai yara ƙanana suka biyo baya da amai da ciwon ciki da kasala da jijjiga. A Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF da ke zagayen sa ido kan sanƙarau suka sami labarin yawan mace-macen yara a ƙauyukan Bukkuyum da Anka. Abu na farko da aka gwada shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau, tunda alamomin sun yi kama, amma yaran ba su farfaɗo ba. Da aka lura cewa ƙauyukan da abin ya fi tsanani su ne masu niƙan duwatsu, sai aka aika da jini zuwa ɗakin gwaji a Turai, sakamakon kuma ya nuna dalma.

A Mayu, jami'an cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da ma'aikatun lafiya na tarayya da na jiha, suka bi gida-gida a ƙauyukan Dareta da Yargalma. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin watanni goma sha biyu da suka gabata, wato ɗaya bisa huɗu, kuma mafi yawansu sun yi jijjiga kafin rasuwa. Cikin yaran da aka auna jininsu, kashi 97 cikin ɗari sun kai ko sun wuce maikurogiram 45 na dalma a kowace desilita ta jini, matakin da ake fara ba da maganin fitar da dalma, alhali a lokacin 10 kaɗai ta isa a shiga damuwa. Na'urar gwajin da aka zo da ita ba ta karanta abin da ya wuce 65, don haka sai an sirka jinin kafin a san ainihin adadin. Ƙasar tsakar gida kuwa, a wasu wurare ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, ma'ana kashi goma cikin ɗari na ƙasar dalma ce, yayin da ƙa'idar Amurka ta filin wasan yara a wancan lokaci 400 ce. Ƙiyasin da aka fi kafa hujja da shi shi ne yara kusan 400 suka rasu a farkon annobar.

Yuni 2010 zuwa Maris 2011: garuruwa bakwai

Maganin da aka zaɓa shi ne DMSA, wanda ake sha na tsawon makonni, ya kama dalmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma shi ne ya mallaki duk abin da ya biyo baya: ba ya amfani ga yaron da zai koma rarrafe a kan gurɓatacciyar ƙasa, domin hakan kamar zuba ruwa ne a kwando. Saboda haka aka tsara cewa sai an share gari kafin a fara magani a cikinsa, waɗanda suka galabaita kuma a kwantar da su da iyayensu mata a asibitocin Anka da Bukkuyum.

Kamfanin injiniyoyin muhalli na TerraGraphics daga jihar Idaho ta Amurka, wanda ya yi shekaru yana share dalma a yankin ma'adinai na Bunker Hill, shi ya jagoranci aikin tare da cibiyar Blacksmith mai yaƙi da gurɓatar muhalli da ma'aikatar muhalli ta jihar Zamfara. Hanyar ba ta buƙatar manyan injina. A auna kowane sashe na gida da na'urar hannu, a kankare saman ƙasar kimanin santimita biyar da fartanya da shebur, a zuba a buhu a kai ramin da aka tanada a bayan gari a binne, sannan a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. 'Yan garin ake ɗauka aikin ana biyansu, kuma an sa mata cikin ma'aikatan domin su ne ke iya shiga cikin gida su yi magana da matan aure. Masarautun Anka da Bukkuyum suka ba da umarnin fitar da injina da turamen duwatsu daga cikin gari, umarnin kuma ya yi tasiri a watannin farko, lokacin da kaburburan yaran ke sababbi. An gama Dareta da Yargalma a tsakiyar 2010, daga Oktoba zuwa Maris na 2011 kuma aka yi Abare da Sunke da Duza da Tungar Guru da Tungar Daji, da tallafin asusun agajin gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya. Mace-mace suka ragu ƙwarai a duk inda aka share aka kuma fara magani.

A gefe guda hukumomi sun sanar da hana haƙar zinaren. Ba a daina ba, tunda farashin na ci gaba da hawa, sai dai wasu suka koma aikin a ɓoye, kuma wurin ɓuya mafi sauƙi ga magidanci shi ne cikin gidansa.

2011 zuwa 2012: shekarun jira

Kafin a rufe zagaye na biyu na sharar an riga an san cewa garin da muke magana a kai ya gurɓata, kuma an ƙiyasta yara kusan 1,500 ke buƙatar a duba su. Kuɗin agajin gaggawa ya ƙare, masu bayarwa kuma suka tsaya a kan cewa matakin gaggawa ya wuce, sauran aikin na gwamnatin Nijeriya ne, ƙasar da ke sayar da ɗanyen mai sama da ganga miliyan biyu a rana a wancan lokaci. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, kimanin dala miliyan 5.4, domin sharar garin da kula da lafiya da gyara hanyar haƙa. A farashin 2012, wannan kuɗi darajar zinare kimanin kilo 100 ne kawai, kuma kasafin kuɗin tarayya na shekarar ya haura naira tiriliyan 4.

Kuɗin bai fito ba. MSF tana da likitoci da magani a Anka, amma ta ƙi buɗe shirin magani a cikin garin kafin a share shi, matsayin da ke da wuyar bayani ga uwar da ke riƙe da yaro marar lafiya, ko da yake hujjarsa ta likitanci a fili take. A Fabrairun 2012 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto da hoton bidiyo a kan lamarin. A Mayu aka yi babban taro a Abuja wanda ya tara masana daga ƙasashe da dama da wakilan jiha da na masarauta, aka fitar da tsarin aiki mai ƙafa uku, wato shara da magani da haƙa marar haɗari, amma ministocin ma'adinai da muhalli da lafiya da aka sa rai da su ba su halarta ba. Lokaci kuma yana da nasa hukuncin, domin ba a iya kankare ƙasa da jigilarta idan ruwa ya sauka, hanyar garin ma takan yanke, saboda haka duk jinkirin da ya kai watan Yuni ya zama jinkirin shekara guda. Damina biyu suka wuce a haka, injina na aiki, yara na ci gaba da haɗiyar ƙurar.

Disamba 2012 zuwa Yuli 2013: sakin kuɗi da shara

Abin da ya motsa lamarin matasa ne. A 2012 Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi suka kafa shirin Follow The Money, aikinsu na farko kuma shi ne wannan gari. Suka je da kansu suka ɗauko hotuna da muryoyin mazauna, suka riƙa yaɗa su a Twitter da Facebook ƙarƙashin taken da ke ɗauke da sunan garin, suna maimaita adadin kuɗin da tambayar inda ya maƙale. A Disamba Human Rights Watch da wata ƙungiyar matasa masu fafutukar sauyin yanayi suka nemi jama'a su riƙa rubuta tambayar a shafin Facebook na Shugaba Goodluck Jonathan, wanda ya yi suna da amfani da shafin. Kafofin yaɗa labarai na waje suka ɗauka. A Janairun 2013 Sanata Bukola Saraki, shugaban kwamitin muhalli na Majalisar Dattawa a lokacin, ya kai ziyara garin, kafin watan ya ƙare kuma aka sanar da cewa shugaban ƙasa ya amince a saki kuɗin.

Aikin ya fara cikin makonni, da ma'aikatan jiha da suka ƙware a zagaye biyu na baya, masana na waje kuma suna ba da shawara. Aka bi unguwa-unguwa, duk wadda aka gama sai likitoci su shiga, ta haka rukunin farko na yaran garin ya fara karɓar magani a Afrilun 2013. A Yuli aka kammala sharar, wato aikin da aka jira shekara biyu ya ɗauki ƙasa da wata shida. Matasan ba su tsaya a sakin kuɗin ba, sun ci gaba da bin ma'aikatun da aka raba wa shi suna neman bayanin abin da aka kashe.

2014 zuwa 2022: komawar guba da miƙa ragama

Share gari bai hana shi sake gurɓata ba. Mai haƙa yakan dawo gida da ƙura a tufafinsa da jikinsa, wani ya ajiye buhun duwatsu a ɗaki saboda tsoron ɓarayi, wani kuma ya yi tubali da ƙasar da ke da dalma. An sami gidaje a wasu garuruwan da aka share waɗanda awonsu ya sake hawa har sai da aka koma kansu. A 2015 irin wannan annoba ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, inda yara 28 suka rasu, abin da ya nuna cewa darasin Zamfara bai ƙetare iyakar jiha ba.

Ƙafa ta uku ta tsarin, wadda aka fi sakaci da ita, sai daga baya ta samu kulawa. MSF da ƙungiyar OK International mai kula da lafiyar ma'aikata suka gwada aiki da masu niƙa kai tsaye: a fesa ruwa a bakin inji domin ƙurar ta kwanta, a tanadi wurin wanka da sauya tufafi a filin aiki, a ware wurin cin abinci. Awon da aka yi ya nuna cewa fesa ruwan ya rage dalmar da ke cikin iska da kusan kashi 95 cikin ɗari, kuma masu aikin sun karɓi tsarin saboda bai taɓa abin da suke samu ba.

Sai matsalar tsaro ta rufe komai. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a duk jihar Zamfara bisa zargin alaƙarta da 'yan bindiga, ta kuma umarci baƙi 'yan ƙasashen waje su bar wuraren haƙa, a Maris na 2021 kuma ta hana jirage shawagi a sararin jihar. Zuwa ƙauyuka ya yi wuya ga ma'aikatan lafiya, horar da mutum a kan sana'ar da doka ta haramta ya ƙara wuya. A Fabrairun 2022 MSF ta miƙa shirin ga hukumomin jiha da masarauta, bayan ta auna yara fiye da 8,000 a yankin, fiye da 3,500 kuma sun sha maganin fitar da dalma.

Hukuncin nazari

Abin da ya yi aiki an san shi tun tsakiyar 2010, kuma bai sauya ba: a fitar da niƙa daga gida, a kwashe ƙasar, sannan a ba da magani. Ya yi aiki ne saboda an bi wannan jeri, an yi shi da kayan da ke hannun mutane, kuma umarnin ya fito daga bakin sarki da hakimi, waɗanda magidanci ke jin nauyinsu fiye da jami'in da bai taɓa gani ba. Haramci kuwa ya gaza sau biyu, a 2010 da 2019, saboda doka ba ta iya sauke farashin zinaren da ake yankewa a kasuwar Landan, kuma duk lokacin da aka kori sana'ar daga fili sai ta matsa kusa da yara.

Jinkirin shekara biyu ba na rashin sani ba ne ko rashin kuɗi. A ganina, ya samo asali ne daga yadda aka raba iko da alhaki. Gwamnatin tarayya ta mallaki zinaren amma ba ta samun haraji daga gare shi, don haka rufewar rami ko mutuwar yaro a Anka ba ta rage mata ko kwabo, saɓanin fashewar bututun mai da ake jin zafinta a kasafin kuɗi cikin mako guda. Masu saye a Dubai sun sami zinaren da ba ya ɗauke da sunan garin da ya fito. Masu agaji na waje suna da hujja da suka ce ƙasa mai arzikin mai ta biya, sai dai yaran garin ne suka ɗauki nauyin wannan ja-in-ja. Hatta yarjejeniyar Minamata da aka rattaba wa hannu a Japan a 2013, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2018, kuma ita ce babbar dokar duniya da ta taɓo ƙananan masu haƙar zinare, a kan zaiba take magana, dalmar da ta yi kisan ba ta cikinta.

A nan ne ƙa'idar arzikin ƙasa da muke karantawa a aji ta gaza bayyana lamarin, domin ta ginu ne a kan gwamnatin da arziki ya lalata saboda tana cinsa, alhali wannan gari ya faɗa hannun gwamnatin da ba ta ci ba kuma ba ta kula ba. Matasan 2012 sun yi nasara ne saboda sun sa shirun ya zama abin kunya ga mutum guda mai iya sa hannu, kuma sun nemi abu guda mai adadi da suna. Sai dai irin wannan matsin ya fi dacewa da sakin kuɗi sau ɗaya fiye da aikin da ke buƙatar awo duk shekara, kuma wannan na biyun shi ne ya rage wa jiha.

Maganin yana sauke dalmar da ke cikin jini, amma ba ya mayar da abin da ta riga ta lalata a ƙwaƙwalwa, kuma wadda ta taru a ƙashi takan riƙa komowa cikin jini tsawon shekaru, musamman ga mace mai ciki ko mai shayarwa. Yaran da ke rarrafe a garin a 2011 yanzu sun kai shekarun sakandare, 'yan matan cikinsu kuma sun kusa aure. A Disambar 2024 ministan ma'adinai Dele Alake ya sanar da ɗage haramcin haƙa a Zamfara, a lokacin da oza ɗaya ta zinare ta haura dala 2,500, fiye da ninki biyu na farashin da ya kawo injinan niƙa cikin gidaje a 2010.